Ɗana, Kafin Ka Zagi Masu Layi, Duba Ɗakinka

Ɗana, ba ni aron kunnenka kaɗan, domin na lura da yadda ranka ke ɓaci duk lokacin da intanet ɗin gida ya fara kawowa yana ɗaukewa, kana tsakiyar darasi ko cike fom sai hoto ya daskare, ƴar da'irar nan ta shiga juyawa, kai kuma ka shiga tsaki da zagin mutanen da ba su ma san kana yi ba. Ban ga laifinka ƙwarai ba. Abin da ya mutu murus ya fi sauƙin sha'ani, domin ka san matsayinka. Amma wanda ke aiki yanzu ya ƙi anjima, shi ke cinye haƙuri, kuma shi ke sa mutum ya zuba kuɗi inda ba nan ciwon yake ba.

Mu da muka ga zamanin layin NITEL, muka ga shigowar wayar salula a 2001 lokacin da sayen layi kaɗai sai mai hali, ba ma saurin fushi da waɗannan na'urori. Ba gori nake maka ba, zamaninka daban, kuma abincin wasunku a kan intanet ɗin yake. Saboda haka ne ma nake so ka iya bin sawun matsalar da kanka.

Wannan cuta kamar zazzaɓin nan ne mai zuwa da yamma ya tafi da safe: likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya tambayi yaushe yake zuwa, yaushe yake sauka. To kai ma kada ka taɓa komai tukuna. Nemi ɗan littafi ka ajiye kusa da rautar, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, duk sanda ya ɗauke ka rubuta lokaci, ka rubuta ko akwai wuta ko janareta ake kai, ko ana ruwa, mutum nawa ke kan waya a gidan, da kalar fitilar da ke jikin na'urar a daidai wannan lokaci. Na san za ka ce wannan aikin tsofaffi ne. Yi dai na mako guda, domin takarda ba ta mantuwa kuma ba ta son zuciya, alhali mai fushi kullum cewa yake "ai ko yaushe haka yake yi", ko da kuwa bayan isha'i kaɗai yake yi.

Idan ka ga fitilun duka sun mutu sannan sun dawo ɗaya bayan ɗaya, to na'urar ce ta kashe kanta ta sake tashi, kuma masu layi ba su da hannu a ciki. Nan sai ka sunkuya ka dubi soket. Sau da yawa za ka tarar da kan cajar yana lilo a cikin tsohon soket mai baki huɗu wanda ya sha zafi har ya yi baƙi, an cusa masa fanka da talabijin da cajar waya, yaro ya wuce ya taɓa waya da ƙafa, shi ke nan intanet ya tafi na minti biyu. Haka wutar da ke zuwa ba ƙarfi, ko sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, ko firji ya tashi ya ja wuta. Yawancin rautocin gida bolt 12 suke ci, kuma an rubuta abin da kowace ke buƙata a ƙarƙashinta. Idan cajarta ta asali ta ƙone aka sa mata wata wadda ba ta kai ba, za ta kunnu lafiya lau, amma da aiki ya yi nauyi sai ta suma. Ƙaramin batirin ajiya da ake haɗa wa rauta ya warkar da gidaje da yawa. Idan kuwa ƙaramar MiFi ce ta aljihu, buɗe bayanta ka ga batir. In ya kumbura har murfin ba ya rufuwa, cire shi yau, domin wannan ya wuce maganar intanet, ya zama maganar gobara.

Sai zafi. Kano ce fa, a watan Afrilu ma'auni na haura 40, kuma na shiga ɗakuna na ga rauta a kan talabijin an lulluɓe ta da kyalle mai ado don kada ƙura ta taɓa ta. Niyyar uwar ɗakin mai kyau ce, amma sa bayan hannunka a jikin na'urar da azahar ka ji. Yaye kyallen, goge ƙurar hunturu da ta toshe ƴan ramukan iskarta, ka ɗora ta a sama kusa da taga inda rana ba ta dukanta. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe da tankin ruwa duk suna rage ƙarfin Wi-Fi, kuma idan na'urarka na nuna suna biyu, mai 2.4 ya fi ratsa bango, mai 5 ya fi gudu amma ba ya nisa.

Ga abin da samari da yawa ke rikitawa: hanyoyi biyu ne a haɗe, ɗaya daga wayarka zuwa rauta, ɗaya daga rauta zuwa ƙarfen sabis. Wayarka na iya nuna Wi-Fi cike alhali rautar kanta ba ta samun komai daga waje. Saboda haka idan ya ɗauke, matso kusa da ita, ka gwada da wayar ƙanwarka. In tata na yi taka ba ta yi, ka san mai laifi yana hannunka. In duka sun tsaya, leƙa ka yi wa maƙwabci sallama, ko ka tambayi mai POS na bakin layi wanda ke amfani da kamfani irin naka, domin babu wanda ya kai su sanin halin sabis a unguwa. Kuma kada girman kai ya hana ka danna *323# ka ga ko datar ce ta ƙare.

Idan littafinka ya nuna cewa da asuba abin na gudu, daga magariba zuwa sha ɗayan dare kuma yana rarrafe, to cunkoso ne. Ka san yawan jama'ar Gama, ka haɗa da Gwagwarwa da Tudun Murtala da Kaura Goje, kowa ya dawo gida, kowace majalisa an duƙa kan bidiyo, balle ranar da ake buga ƙwallon Turai. Ƙarfen sabis yana da iyakar abin da zai ɗauka, sai ya raba wa kowa kaɗan-kaɗan. Sabuwar rauta ba ta maganin wannan, don haka kada ka ruga sayenta a Farm Centre ko titin Beirut da kuɗin da ka sha wuya ka tara. Ari layin wani kamfani ka gwada a daidai wannan lokaci, in na'urarka na karɓa, kuma ka mayar da manyan saukale-saukale zuwa bayan sallar asuba. A cikin gida ma akwai cunkoso: shiga shafin rautar ka ƙirga wayoyin da ke kai. Lambar sirrin da ka ba aboki ɗaya da sallah, wataƙila yanzu rabin layinku na da ita. Kyauta abu ne mai kyau, amma ka san wanda kake ba.

Abu ɗaya nake roƙonka, shi ne ka riƙa sauya abu guda a lokaci guda. Wanda ya canza caja, ya matsar da rauta, ya sauya layi duk a yini ɗaya, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, saboda haka ranar da ya dawo zai koma farko. Kashe ta ka jira minti ɗaya ka kunna, wannan ba laifi. Amma ɗan ramin nan na bayanta da ake tsokana da allura, bar shi sai ƙarshe, domin yana share duk saitin da aka yi mata.

Wani lokacin kuma, ɗana, ciwon ya fi ƙarfin ɗakinka da unguwarka. Yawancin manyan wayoyin ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, daga can wayar fayiba ke tafiyar kusan kilomita 1,000 a binne a gefen hanya kafin ta iso mu, kuma katafilar masu aikin titi ko magudanar ruwa na iya tsinke ta a ko'ina. Ƙarafan sabis da yawa da dizal suke kwana, ga ɓarayin batir. Har sai da gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa a 2024. Ka tuna 14 ga Maris na 2024 ɗin, cikin azumi, lokacin da wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaɓar Kodebuwa, ayyukan bankuna da yawa suka samu cikas, aka ɗauki makonni ana gyara da jiragen ruwa. Ran nan duk wanda ya yi ta dukan rautarsa, wahalar banza ya yi. Ko Starlink da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, wanda na ji kana mafarkinsa, ruwan sama mai ƙarfi na dakushe shi, kuma shi ma sai da wuta.

Idan ka gama naka binciken ka tabbatar daga waje ne, kira 300 daga layinka. Yi wa wanda ya ɗauka sallama, domin ɗan wani ne da ke neman halak ɗinsa, ba shi ya tsinke waya ba, kuma mai ladabi ya fi saurin samun a saurare shi. Buɗe littafinka ka karanta masa ranaku da lokuta da sunan unguwa, ka faɗi abin da ka riga ka gwada, ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta. In kwanaki sun wuce shiru, kira 622, layin hukumar sadarwa ta NCC ne kuma kyauta ne, ka ba su wannan lambar. Kuɗinka ka biya, kuma tun da hukumar ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kana da haƙƙin tambayar abin da ka saya. Fara rubutun daga daren yau, Allah ya yi maka jagora.