Takardar Tuni a Ɗakin Shan Magani

A ɗakin shan magani na ƙauye, sau da yawa ma'aikaci ɗaya ne ke duba kowa. Shi ke yin allura, shi ke ba da magani, shi ke rubuta sunaye. Ranar kasuwa ko da damina layi yakan kai bakin ƙofa. A irin wannan hali ko gwani yana iya mantuwa. Shi ya sa ake ba ma'aikatan lafiya takardar tuni. Takarda ce mai hotuna da gajerun kalmomi, ana manna ta a bango ko a ajiye a kan tebur. Tana nuna abin da za a fara yi da abin da zai biyo baya.

Wadda aka fi sani ita ce ta duba yara 'yan ƙasa da shekara 5. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da ita a tsakiyar shekarun 1990. Kafin komai tana sa ma'aikaci ya nemi alamun haɗari. Yaro ya kasa shan nono ko ruwa? Yana amayar da duk abin da ya ci? Yana jijjiga? Ya yi laushi ba ya farkawa? In an ga ko ɗaya, sai a ba shi taimakon farko, a tura shi babban asibiti nan take.

In tari ne, takardar ta ce a ƙirga numfashin yaron minti ɗaya cur, lokacin da ba ya kuka. Daga wata 2 zuwa cikar shekara 1, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Tari da saurin numfashi alama ce ta ciwon huhu, wato nimoniya, mai kashe yara da yawa. Lambobin nan suna da saurin rikicewa ga wanda ya riƙe su a ka kawai.

An gwada amfanin irin wannan takarda a ƙasar Zambiya, aka buga sakamakon a 2008. An ba ma'aikatan lafiya na ƙauye abin gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ɗiga wa jinin yatsa. Waɗanda suka bi bayanin kamfani kaɗai sun yi kashi 57 cikin 100 na aikin daidai. Masu takardar tuni sun yi kashi 80. Waɗanda aka ba takardar kuma aka koya musu sun kai kashi 90. Ashe takarda tana taimako, amma ta fi ƙarfi in an haɗa ta da horo.

Wasu majinyata in sun ga ma'aikaci yana duba bango sai su ce bai iya aiki ba. Wannan kuskure ne. Ai alƙali ma yakan buɗe littafi kafin ya yanke hukunci. Abin tsoro shi ne takardar da aka kulle a durowa, ko wadda ta koɗe har ba ta karantuwa. Irin wannan ya kamata kwamitin lafiya na gari ya nemi a sake ta.

Akwai kuma abin tuni da ba ya bukatar karatu sosai, wato ɗan tef ɗin awon damtse mai launi uku. Ana auna yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya. Rawaya a kula. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, a kai yaro asibiti ranar. A Mirriya ta yankin Damagaram a Nijar an koya wa uwaye aiki da shi, suka riƙa auna 'ya'yansu a gida da kansu.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya sami agogo, ya ƙirga numfashin yaro ɗaya a gidansu na minti ɗaya, ya rubuta lambar da shekarun yaron, ya kawo wa malami.