Darasi: Musulmi Matafiyi a Duwatsun Alps

Duwatsun Alps suna nahiyar Turai. Sun ratsa ƙasashe 8, ciki har da Faransa, Italiya, Jamus, Suwizalan da Ostiriya. Mafi tsawonsu shi ne Mont Blanc, wanda ya haura mita 4,800. Ƙanƙarar da ke kan manyan duwatsun ba ta ƙarewa ko da lokacin zafi.

A Ostiriya akwai wani gari a bakin tafki mai suna Zell am See. Duk shekara, idan zafi ya tsananta a Saudiyya da Kuwait, Larabawa sukan zo da iyalansu su sha iska. Kusa da garin akwai dutsen Kitzsteinhorn, mai tsawon mita 3,203. Ana hawansa cikin wata mota mai rataye a jikin igiyar ƙarfe. Musulmi zai iya zuwa ya ga ikon Allah, ya komo da addininsa cikakke, muddin ya yi guzurin sani.

Abinci

Mutanen Zell am See Jamusanci suke yi, kuma suna yawan cin naman alade. Mai iya karatu ya riƙe kalmomi uku. Schwein shi ne alade. Schinken da Speck kuwa namansa ne da aka adana da gishiri ko hayaƙi. Duk abincin da ka ga ɗayansu a jikinsa, ka bar shi. A Suwizalan akwai fondue, wato narkakken cuku, wanda bisa al'ada ake dafawa da giya. Wasu alawoyin ma akwai sinadarin gelatin a ciki, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi.

Abin halal bai yi wuya ba. Akwai kifin tafki, ƙwai, dankali, madara da 'ya'yan itace. A garuruwan da baƙi ke yawan zuwa akan sami gidajen abincin Turkawa da Larabawa. Kafin ka ci nama, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Salla

Daga can, alƙibla tana kudu maso gabas. A watan Yuni yini yana da tsawo ƙwarai, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, asuba kuma tana yi da wuri. Don haka ka duba jadawalin sallar garin da kake, kada ka bi lokacin gida. Masallatai sun yi ƙaranci a ƙauyukan dutse, sai ka riƙe 'yar dardumarka a jaka.

Shari'a ta yi wa matafiyi sauƙi. A mazhabar Malikiyya, wanda tafiyarsa ta kai mil 48, kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba, zai yi ƙasaru, wato ya mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu. Wanda ya sa huffi da alwala yana iya shafa a kansa.

Sutura da doka

Duk hawan mita 1,000, sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6. Ka tafi da rigar sanyi da takalmi mai ƙarfi. Idan wani haɗari ya auku, a kira lamba 112.

Ostiriya ta amince da Musulunci a dokarta tun 1912. Mace tana da 'yancin sa hijabi. Amma an hana rufe fuska a bainar jama'a, a Ostiriya tun 2017, a Suwizalan tun farkon 2025, kuma akwai tara. Mai sa niƙabi ta san da wannan tun kafin a sayi tikiti.

Tambayoyi

1. Ƙasashe nawa duwatsun Alps suka ratsa?
2. Mece ce ma'anar Schwein?
3. Yaushe matafiyi yake yin ƙasaru?
4. Rubuta abinci uku na halal da ake samu a can.