Filin Shawarwari: 'Yata Ta Sami Sauƙi, Shin Sai Mun Ci Gaba da Allurar?

Malam, ina neman shawara a kan wani al'amari da ya hana ni barci, ya kuma kusa raba kan mutanen gidanmu.

Ina da 'ya mai shekara tara, ita ce ta fari, yarinya mai natsuwa wadda malamanta na boko da na Islamiyya suka sha yabon kyan rubutunta. A hunturun da ya wuce ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, muka sayo mata magani a kemis, ta sha na kwana biyu ta warware, muka manta da zancen. Bayan 'yan watanni sai halinta ya sake: ta koma yawan kuka ba dalili, ta kama wanke hannu har fatar ta tsattsage, in ta yi alwala sai ta sake, ta kuma sakewa, tana cewa ba ta cika ba. Daga nan hannunta na dama ya fara fizga da kansa, kofi yana suɓuce mata, fuskarta tana yamutsewa, rubutunta ya lalace har wani malami ya doke ta, yana zaton da gangan take yi. In ta yi barci kuwa, sai jikin ya kwanta lafiya lau.

Surukata Hajiya ta ce iska ce ta taɓa ta, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Da abin ya ƙi lafawa muka kai ta babban asibiti, likita ya duba ta, ya auna jini, ya ɗauki hoton zuciya, ya ce wancan ciwon maƙogwaro ne mafarin kome. Ya ba ta ƙwayoyin da suka kwantar da fizgar, ya kuma ce a riƙa yi mata allurar penisilin duk bayan mako huɗu har tsawon shekaru.

Yanzu alhamdu lillahi ta koma makaranta. Amma allurar nan ta zame mana fitina. Tun daren jajiberi take ƙin cin abinci, da safe sai an zaƙulo ta daga bayan ƙyaure, a asibiti sai mutum biyu sun danne ta, ta dawo tana ɗingishi. Maigida ya ce tunda ta warke ba zai ƙara yarda a azabtar da ita ba, Hajiya kuma ta ce ai ruƙiyya ce ta yi aiki. Malam, shin akwai laifi in mun daina? In kuwa dole ne, yaya zan yi da yarinyar da ta fara kallona a matsayin mai kai ta wurin azaba?

Uwar yarinya, daga Zariya.

AMSA

Malama, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya ba ki ladan ɗawainiya. Zan fara da hukuncin kafin hujja, domin kada tsawon bayani ya ɓoye shi: kada ku daina allurar nan, ko sau ɗaya kada ku tsallake, sai ranar da likitan da ya ɗora ta a kai ya ce wa'adi ya cika.

Abin da kika siffanta ya yi daidai da wata cuta da likitoci suka daɗe da sani, wadda suke kira da sunan Tomas Sidinham, likitan Ingila da ya bayyana alamominta a shekarar 1686. Asalinta wata ƙwayar cuta ce mai suna sitireftokokas, wadda take kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15, kuma idan ba a kashe ta da cikakken magani na kwana goma ba, garkuwar jiki takan tashi yaƙarta, sai dai a wajen wasu yaran garkuwar takan yi kuskuren ganewa, saboda wasu sassan ƙwayar sun yi kama da wasu sassan jikin ɗan Adam. Misalinta kamar 'yan sintiri ne da suka fito neman ɓarawo cikin dare, suka tarar da maigida sanye da riga irin ta ɓarawon, suka rufe shi da duka. Idan dukan ya sauka a gaɓoɓi sai su kumbura, idan ya sauka a can cikin ƙwaƙwalwa, wurin da ke daidaita motsi da ɗabi'a, sai a ga fizga da yamutsa fuska da saurin kuka da waswasi, yawanci bayan wata ɗaya zuwa wata shida da warkewar maƙogwaron, lokacin da iyaye sun riga sun manta da shi. 'Yan mata sun fi maza kamuwa, kuma lafawar fizgar a cikin barci, wadda kika lura da ita, tana daga cikin sanannun alamominta. A shekarar 1998 wata likita a Amurka, Susan Swedo, da abokan aikinta suka bayyana yara 50 da waswasi da fizge-fizge suka afka musu farat ɗaya bayan wannan ƙwayar, suka sa wa yanayin suna PANDAS, abin da ya ƙara jan hankalin masana ga yiwuwar cewa ciwon maƙogwaro yana iya taɓa halin yaro da tunaninsa.

To, ga inda maganar maigida take buƙatar gyara, tare da cewa tausayi ne ya sa shi faɗinta, kuma tausayin uba abin girmamawa ne. Fizgar nan takan lafa cikin watanni, ko da magani ko babu, saboda haka lafawarta ba ta nuna cewa hatsarin ya wuce. Wuri na uku da dukan garkuwar yake sauka shi ne zuciya, musamman ƙofofin da ke buɗewa suna rufewa domin jini ya bi hanya ɗaya, kuma wannan ne dalilin da ya sa likita ya ɗauki hoton zuciyar yarinyar da aka kawo masa saboda hannu. Duk lokacin da ƙwayar ta sake kama maƙogwaronta, ko da kamun ya yi sauƙin da ba wanda zai lura, garkuwar tana iya sake tashi, kuma kowane tashi yana iya barin tabo a ƙofofin nan, tabon da ba ya ciwo yau, sai bayan shekaru ya bayyana da haki da kumburin ƙafa, sau da yawa a lokacin da yarinya ta yi aure ta ɗauki cikin fari. Ciwon zuciya irin wannan yana kashe mutane wajen 300,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu, har ya kai babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a 2018. Allurar da ake yi wa 'yarki irin penisilin ce mai narkewa sannu a hankali a cikin tsoka, tana tsare maƙogwaro har makonni, shi ya sa take da kauri, shi ya sa kuma take da zafi. Wa'adinta mafi ƙaranci shekara biyar ne, sau da yawa har yarinya ta kai shekara 21, in kuwa zuciya ta taɓu yakan zarce haka. Akwai ta sha, safe da yamma kullum, amma allurar ta fi ta tsaro, domin mantuwar 'yan kwanaki tana buɗe ƙofar da ake son rufewa.

Game da Hajiya kuwa, ina ba ki shawara kada ki ja da ita a kan wane ne ya warkar, domin mai warkarwa Allah ne, addu'a sababi ce, magani ma sababi ne, kuma malamanmu ba su taɓa ɗaukar neman magani a matsayin kishiyar tawakkali ba. A ci gaba da addu'a da karatun Alƙur'ani a kan yarinya, amma a bar hayaƙin da ke shaƙe ta, a kuma daina ambaton iska a gabanta, saboda yarinyar da take fama da waswasi, in aka ce mata akwai wani abu a jikinta, tsoronta ninkuwa zai yi. Ki roƙi maigida, cikin ladabi da lallashi, ya raka ku ganin likita shi da Hajiya, a nuna musu hoton zuciyar, su yi tambayoyinsu da bakinsu, domin abin da namiji ya ji daga likita ya fi zauna masa a rai fiye da abin da aka kawo masa gida.

Saura babbar tambayarki, wato yadda za a yi da ita yarinyar. Abu na farko shi ne gaskiya. Kada a ce mata za a je kasuwa sannan ta tsinci kanta a asibiti, kada kuma a ce mata babu zafi alhali akwai, domin amanar da ke tsakaninki da ita ita ce jarin da za ku ci shekaru kuna kashewa. 'Yar shekara tara tana da hankalin da za ta gane in kika zaunar da ita kika ce: allurar nan tana da zafi na ɗan lokaci, amma ita ce take tsare miki zuciya, kuma ba don kin yi laifi ake yi miki ba. A haramta wa kowa a gidan yi mata barazana da allura in ta yi ƙiwa. Ki ba ta zaɓi a cikin abin da zaɓi yake yiwuwa: wane ɓangare za a yi yau, dama ko hagu, wa zai raka ta, me za ta riƙe a hannu. Ki rataya kalanda a ɗaki, ita da kanta ta riƙa sa alama a ranar, ta kuma riƙe katin asibitinta, domin wanda aka ba riƙon abu ya fi wanda aka danne haƙuri.

Abu na biyu, zafin kansa ana iya rage shi, kuma haƙƙinki ne ki nema. Ki tambayi likita ko za a haɗa allurar da maganin kashe zafi da ake kira lidoken, domin ana yin haka kuma ba ya rage ƙarfinta. Ki roƙi ma'aikaciyar jinya ta bar maganin har sanyin firiji ya sake shi, ta danna wurin da yatsa na ɗan lokaci kafin ta soka, ta tura shi a hankali cikin minti biyu zuwa uku, a kuma riƙa sauya ɓangare kowane wata. Yarinya ta ci abinci ta sha ruwa kafin ku fita, ta kwanta ta saki jiki, kanta a cinyarki, kuna karanta wata sura da ta haddace tare ko kina ba ta labari, domin tsokar da aka ɗaure da tsoro ta fi jin zafi. Bayan an gama ku zauna a asibitin kamar rabin sa'a, in kuwa kika ga ƙuraje sun feso, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ki kira ma'aikata nan take. Saboda wannan ne ba a yarda a yi allurar a gida ko a shagon kemis ba. In kin sami ma'aikaciya ɗaya mai haƙuri, ki riƙa neman ranar aikinta, sabo yana rage fargaba.

Abu na uku, ki je makarantunta biyu ki yi wa malamai bayani cewa lalacewar rubutu da rashin zama wuri ɗaya larura ce, a ɗauke mata bulala, a ƙara mata lokaci. Idan waswasin alwala ya dawo, kada a yi mata tsawa, kada kuma a biye mata. Ki tsaya kusa da ita ki ce sau ɗaya ta wadatar, Allah ya karɓa, sannan ki sanar da likita, domin akwai masana halayyar yara da ke taimakawa a kan haka. Ƙwayoyin fizga kuma likita ne zai rage su da kansa. Daga yau duk yaron da ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a gidanku, a kai shi asibiti, kada a kai shi wurin wanzami cire belu, kuma in an rubuta maganin kwana goma a shanye shi duka ko da ya warware a rana ta uku. Idan ta girma, duk likitan da zai duba ta, musamman a awon ciki, a gaya masa wannan tarihi.

Kada ki ɗora wa kanki laifin abin da ya wuce, domin ba ki san ciwon maƙogwaro yana kai wa nan ba, kuma iyaye da yawa ba su sani ba. Yaran da aka tsare musu allurarsu a kan lokaci, mafi yawansu suna girma da lafiyayyar zuciya, su yi karatu, su yi aure, su haihu. Ki duba katinta yau ki ga ranar allura mai zuwa, ki tanadi kuɗin mota tun yanzu, ku je a ranar ko ana ruwa. Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya raya miki ita.