Firjin Tafiya: Amsoshin Wasiƙunku

Ga mu kuma a filin amsa wasiƙunku. Yau na ware wasu wasiƙu gefe guda, domin duk a kan abu ɗaya suka zo: firjin da ake sakawa a mota a shiga daji da shi. Mai biro da takarda a kusa ya jawo su, akwai 'yan alƙaluma a gaba.

Ta farko daga Bauci ta fito. Mai ita magidanci ne, ya ce duk hutun makaranta yakan kwashi iyali su tafi Yankari su kwana biyu ko uku, bana kuma yana da niyyar hawa tsaunin Mambila. Ga abin da ya rubuta: "Na shiga kasuwa na tarar da iri biyu. Dukansu a mota ake jona su, dukansu an ce mini firji ne, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau uku. Shin tsadar ta suna ce kawai? Kuma mu shida, mai lita nawa zai ishe mu?"

To Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci. Tsadar nan tana da dalili. Abubuwa biyu ne mabambanta aka laƙaba wa suna ɗaya. Ka koma shagon ka ce a jona maka su, ka kara kunne. Mai arahar, fanka kaɗai za ka ji tana juyawa ba tsayawa. Babu kwamfireso a cikinsa, babu gas. Wani ɗan faranti ne aka dasa masa, wanda idan wuta ta ratsa shi sai fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta yi zafi. Wani Bafaranshe, Jean Peltier, shi ya gano wannan hikima tun 1834. Iyakar ƙarfinsa ya rage digiri 15 zuwa 20 daga zafin iskar da ke kewaye da shi. A Turai, inda zafin rani kan tsaya wajen digiri 25, ya wadatar. Mu kuwa, lissafa da kanka: watan Afrilu, digiri 40 a inuwa, ka cire 18, saura 22. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma cewa ta yi a ajiye abinci mai saurin lalacewa ƙasa da digiri 5. Ina 22, ina 5?

Wannan da idona na gani. Wata shekara da bazara mun fita ɗaukar shiri a rugage, muka tafi da irin wannan akwati mai fanka, da kaji biyar da aka yanka mana da asuba. Kafin azahar ɗin washegari sun canza, dole muka haƙa rami muka binne su. Asarar kajin ba ta dame ni kamar tunanin da na yi daga baya ba: da warin bai fito da wuri ba, da mun dafa mun ci, ga shi asibiti mafi kusa tafiyar awa huɗu ce.

Mai tsadar kuwa, ɗan'uwan firjin gidanka ne, sai dai an ƙera shi ya ci wutar mota, bolt 12 ko bolt 24 irin ta manyan motoci. Za ka ji shi ya yi ɗan gurnani, ya yi shiru, can ya sake tashi. Shi muddin zafin waje bai wuce iyakarsa ba, inda ka saita shi nan zai tsaya, har ƙasa da sifili da digiri 18 idan ƙanƙara kake so. Yana kuma jure karkacewar mota har kusan digiri 30, abin da firjin gida ba zai lamunta ba. Ba talla nake yi wa kowa ba, amma sunayen da matafiya daji suka sani su ne Engel na Japan, da Dometic, da ARB na Ostireliya, da National Luna da SnoMaster na Afirka ta Kudu, sai 'yan Sin irin su Alpicool masu sauƙin kuɗi. Abin da ya fi sunan muhimmanci a wurina shi ne 'yar takardar da ke manne a bayansa. A jikinta akwai harafin da ke nuna irin zafin da aka gina shi ya jure. N, iyakarsa digiri 32. ST, digiri 38. T, digiri 43. Mu mutanen T ne, Malam. In ba ka ga T ba, ajiye shi.

Batun girma, mai lita 40 zuwa 50 ya ishi mutum shida na kwana uku, da sharaɗi ɗaya: kada ka cika shi da ruwan sha da lemo. Su ka zuba su a kula daban da ƙanƙara, yara su yi ta buɗewa son ransu. Firjin ka bar wa nama da madara da miya, a buɗe shi sau uku ko huɗu a yini. Ka zaɓi mai murfi a sama, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, mai ƙofa a gefe da an buɗe sai ta zubo waje. Kafin ka biya kuɗi ka auna but ɗin motarka, har da tsawon da murfin zai ɗaga. In na hannu za ka saya, a jona shi a gabanka babu komai ciki, cikin rabin awa zuwa minti 45 ya kamata ya kusanci sifili. Sannan ka maƙala takarda a bakin murfin ka rufe ka ja. In ta zare salin-alin, robar ta mutu.

Can saman Mambila sanyi ne, firjin zai huta. Hawan daga Serti zuwa Gembu ne mai kwane-kwane, don haka ka ɗaure shi tam da maɗauri ta hannuwansa biyu. Cikakken firji yakan haura kilo 40, in aka taka birki da ƙarfi ba ƙaramin haɗari ba ne ga yaran da ke kujerar baya. A Wikki da ke Yankari kuma kada ka bar shi a waje ba mai tsaro. Gwaggon biran wurin sun san inda abinci yake, sun kuma iya ɗaga murfi.

Wasiƙa ta biyu daga Agadas. Wannan ita ce ta fi tsaya mini a rai. Direba ne mai Land Cruiser, yana bin hanyar Dirku da Bilma. Ya ce ya sayi mai kwamfireso, yana aiki lafiya, amma wani dare sun yada zango ya bar shi a jone, da gari ya waye mota ta ƙi tashi. Sai da suka yi awa shida kafin Allah ya kawo wata mota ta ba su wuta. Tambayarsa: firjin ne ba shi da kyau?

Ɗan'uwa, da farko barka da arziki. A hamadar Tenere mutuwar batir ba ƙaramar magana ba ce, kai ka fi ni sani. Firjinka lafiya lau yake. Inda aka jona shi ne kuskuren, kuma nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa, domin sukan ƙarar da kuɗinsu a kan akwatin su manta da abin da zai ciyar da shi. Ni a ganina, kafin mutum ya tambayi lita nawa, ya fara tambayar ina wutar za ta fito idan an kashe inji.

Batirin tayar da mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa biyu ko uku, nan take inji ya mayar masa. Ba a yi shi don a yi ta tsotsarsa har asuba ba. Firji mai lita 40 ko 50, lokacin da kwamfiresonsa ke juyawa, yana jan amfiya 4 zuwa 5. Da yake yana hutawa, a yini da kwana yakan ci tsakanin 30 zuwa 50 a ma'aunin da ake rubutawa Ah a jikin batir. A zafinku na Mayu, ka ɗauki 50 ɗin. Batirin ruwa mai Ah 100, rabinsa kaɗai ake taɓawa in ana so ya yi ƙarko, wato 50. Ka ga kwana ɗaya ke nan, sannan ga shi kana so ya tayar da injin dizal da safe.

Abu na farko, wanda ba ya cin ko dala: yawancin waɗannan firji suna da wurin saita kariyar batir, mai hawa uku, L da M da H. Muddin a batirin mota ka jona, ka sa shi a H. Da wutar ta sauko wajen bolt 11.8 zai kashe kansa ya bar maka abin tayar da mota. Gara ruwa ya yi ɗumi da mota ta ƙi tashi.

Amma mai irin hanyarka, wannan bai isa ba. Batir na biyu za ka sa, na firjin shi kaɗai, irin wanda ake yi wa sola. A tsakaninsa da na motar a sa na'urar da ke haɗa su idan inji na aiki, ta raba su da zarar an kashe. Ko na biyun ya ƙare ƙurmus, na motar na nan cike. In da hali, na litiyam ya fi: mai Ah 100 za ka iya cin 80 zuwa 90 daga ciki, nauyinsa bai kai rabin na ruwa ba, sai dai yana buƙatar cajarsa ta musamman, kada a haɗa shi kai tsaye. In kuna yin kwanaki a wuri ɗaya, farantin sola mai wat 120 zuwa 150 zai mayar da kusan abin da firjin ya ci a yini. Rana kam Allah ya hore muku, sai dai a riƙa share ƙurar da ke kwanciya a kan farantin.

Sai waya. Soket ɗin kunna taba ba abin dogaro ba ne a gargada, jijjiga kan zare kan wayar ba ka sani ba, ka yi tafiyar awa biyar firji a kashe. Ka sami mai gyaran wayoyin mota ya jawo maka waya mai kauri, milimita 6, tun daga batir, ya sa fis mai amfiya 15 dab da batirin. Siririyar waya tana shanye wuta a hanya, sai firjin ya ɗauka batir ne ya yi sanyi ya riƙa kashe kansa. Fis ɗin kuwa shi ke tsakaninka da gobara in waya ta goge a jikin ƙarfe.

Sauran kuma kulawa ce. Ka bar tazarar tafin hannu a inda yake fitar da zafi, kada a danne wurin da buhu ko tabarma. Ka hure ƙurar fankarsa duk bayan tafiya. Ka kwana da shi a wutar gida kafin ranar tashi, ka zuba kayan da suka riga suka yi sanyi. Ka saita shi a digiri 3 ko 4, domin neman ƙanƙara a hamada cin wuta ne nesa ba kusa ba. In a bayan buɗaɗɗiyar mota yake, a yi masa inuwa, amma kada a lulluɓe shi ruf da tamfol.

Ta uku, wata Hajiya ce daga Yola. Maigidanta na da ciwon suga, yana allurar insulin, sukan je ƙauye su yi mako. Tana tambaya ko za ta iya saka allurar a irin wannan firji.

Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da wannan kula da kike yi. Za ki iya, amma a nan sanyi ya fi zafi haɗari. Insulin tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi. In ya daskare ya lalace, ko ya narke daga baya ba a amfani da shi. Bangon wannan firji ta ciki shi ke fitar da sanyin, yakan kuma sauka ƙasa da sifili ko da allon na nuna 4. Saboda haka ki saita shi a 5, ki naɗe kwalaben a tsumma mai tsabta, ki sa su cikin 'yar roba mai murfi, ki ɗora a kwandon sama, kada su taɓa bango ko ƙasa. Ki sayi ƙaramin ma'aunin zafi ki ajiye kusa da su, shi za ki riƙa dubawa. Kwalaben da aka riga aka fara, yawancinsu suna kai kwana 28 in zafin wurin bai wuce digiri 30 ba. Ki duba takardar da ke cikin kwalin, ki kuma nuna wa likitansa kafin ku tashi.

Ga wani gajeren saƙon waya daga Maraɗi, yana tambayar mai aiki da tukunyar gas. Alhaji, wannan na mai zama wuri ɗaya ne, kamar gona ko sansanin aiki. Sai an daidaita shi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba karkacewa yake sanyi, kuma harshen wuta ne ke ci a bayansa. Kada a kunna shi a mota tana tafiya, kada a kwana da shi a rufaffen tanti ko ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Na ƙarshe, wani matashi daga Haɗeja ya ce shi da abokansa sukan je kamun kifi su kwana biyu, kuɗin firji kuwa babu. Ƙanena, kula mai kaurin bango ta ishe ku. Ku sa dunƙulen ƙanƙara babba maimakon gutsattsari, ko ku daskarar da ruwa a jarkoki, in ya narke ku sha. Ku ajiye ta a inuwa ku rufa mata jiƙaƙƙen buhu. Ruwan sha kuma, salkar da iyayenmu ke ratayawa a jikin raƙumi ko mota har gobe tana aiki. In kun yada zango, ga dabarar marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wadda ta ci masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Tana riƙe tumatir da tattasai da ganye kwanaki, musamman da rani lokacin da iska ke bushe. Ɗanyen kifi kam ba ta riƙe shi, wanda kuka kama ku banɗa shi a ranar.

Lokaci ya cim mana. Akwai wasiƙu biyu a kan janareta da ban kai gare su ba, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.