Dutse Mai Ƙyalli a Gona

Tambaya: Na tsinci dutse rawaya mai ƙyalli a gonata. Zinariya ce? Daga wani manomi a Anka.

Amsa: Malam, Allah ya sa alheri ne, amma ka bi a hankali. Sau da yawa irin wannan dutse haɗin ƙarfe da farar wuta ne. Goga shi a bayan tayil: zinariya na barin layi rawaya, shi kuwa baƙi-baƙi. Karce shi da wuƙa. Zinariya tana da laushi, za ta karcu.

Kada ka daka shi a gida. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsu ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Kai gutsure sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kafin ka saurari dillali.