ƘIRGA GANYE KAFIN KA TSINKA: DARASIN GANE TSIRRAI

'Yan uwa na Ikara, Makarfi da Kudan.

Da damina ta zauna, bayan gida da gefen gonakin rake kan cika da tsirrai masu kama da juna. Kafin ka sa wani a tukunya, duba kan ƙananan ganyen da ke jere a sili ɗaya, sannan ka ƙirga su.

*1. Tafasa da rai-ɗore*
Dukkansu furensu rawaya ne. Ganyen tafasa shida ne a sili, uku suna fuskantar uku, kansu a zagaye. Na rai-ɗore yakan kai takwas ko goma, kansu da tsini, kuma in ka murza za ka ji wari. Tafasa ake yin kwaɗo da miya da ita. 'Ya'yan rai-ɗore kuwa suna illa ga hanta. A arewacin Indiya an rasa yara da suka ci su.

*2. Tsamiya da idon zakara*
Dukkansu ganyensu ƙanana ne, a jere biyu-biyu. Amma tsamiya bishiya ce, idon zakara kuma yaɗo yake yi a jikin darni ko itace. Ƙwayarsa ja ce mai ɗigon baƙi, tana jan hankalin yara, kuma dafi ce mai kisa in an tauna.

*3. Kuka, ɗinya da jinsen*
Ganyen kuka da na ɗinya kamar yatsun hannu suke, yawanci biyar daga wuri ɗaya. Haka ganyen jinsen yake, amma ba danginsu ɗaya ba. Jinsen a dazukan Sin, Koriya da Amurka masu sanyi yake fitowa. Duk wanda ya ce maka a dajin nan ya tono saiwarsa, kar ka saya.

Uwargida, in yara suka kawo ganyen miya, duba shi da kanki kafin ki wanke. In yaro ya ci ƙwayar da ba a sani ba, a garzaya da shi asibiti tare da tsiron, kar a tsaya sai ya fara amai.

Lafiyar iyali amana ce a wuyanmu. Allah Ya tsare mu da zuri'armu, amin.

A tura wa 'yan uwa.