Bayan An Tashi Daga Intabiyu: Bibiya Daban, Kamun Ƙafa Daban

Da kakar bara waccan muka nemi mai kula da sito mutum ɗaya a kamfanin da nake wa aiki, wanda ke sayen riɗi da zoɓo a ƙasar Gumel. Mutum tara muka gana da su. Wanda ya zo na ɗaya wani matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, mai natsuwa, lissafinsa kuma ba gyara. Da maigida ya sa hannu, ni aka ba aikin kiransa. Na kira ranar Litinin, waya a kashe. Na kira Talata, a kashe. Ranar Laraba ta shiga, sai wani dattijo ya ɗauka ya ce layin nasa ne, ƙanensa ne ya ara ya sa a takarda, kuma yaron ya tafi yankan shinkafa wajen Haɗeja, amma zai gaya masa in ya dawo. Kaya na shigowa sito, ba mu da halin jira. Ranar Juma'a muka kira na biyu. Bayan mako uku yaron ya zo ofis da takardunsa a jakar leda, ni na gaya masa abin da ya faru, har yau kuma ban manta yadda ya yi shiru yana kallon ƙasa ba.

Saboda shi da irinsa nake wannan rubutu. Na shekara goma sha ɗaya ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, farko a wata makaranta mai zaman kanta, yanzu a wannan kamfani, yawanci ni ne sakatare, wato mai riƙe da fayil da wayar ofis. Abin da na lura da shi shi ne matasanmu na shirya wa intabiyu sosai. A wanke kaya a goge, a haddace amsoshi, a roƙi addu'ar iyaye. Amma da an fito daga ɗakin sai su rabu gida biyu. Wasu su koma gida su yi shiru, su ce in rabonsu ne zai zo. Wasu kuma su tayar da duk wani babba da suka sani, daga kansila har limamin unguwa. Na farkon yana asarar abin da ya riga ya samu, na biyun yana ɓata abin da ya gina da guminsa.

Bibiyar gaskiya tun a cikin ɗakin take farawa. In an gama yi maka tambayoyi, kusan kullum shugaban kwamiti zai ce ko kana da tambaya. Mafi yawa sai su ce babu, su miƙe. A nan ne ya kamata ka ce: "Ranka ya daɗe, zuwa yaushe za mu sa ran jin sakamako, kuma ta wace hanya? In ban ji komai ba, wa zan tuntuɓa?" Ban taɓa ganin kwamitin da ya ji haushin wannan tambaya ba. Da amsarta za ka san ranar da za ka fara ƙirga, ka kuma san ƙofar da aka yarda ka ƙwanƙwasa. Kafin ka fita, ka tsaya wajen sakatare ka tabbatar lambar da ke kan takardarka daidai take.

Zan daɗe a kan maganar waya, domin a yankinmu ta fi komai cin mutane. Lambar da ka sa a takardar neman aiki ta zama taka, a hannunka, ba ta yayanka ko maƙwabcinka ba. 'Yan'uwa mata da ke sa lambar miji ko ta mahaifi, ku sanar da mai wayar cewa kuna jiran kira, ku gaya masa sunan wurin, don kada ya ɗauka 'yan damfara ne ya katse. Tun Disambar 2020 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN, a 2024 kuma aka rufe layuka masu yawa da ba a haɗa ba, amma har yanzu ina ganin takardu ɗauke da lambobin da suka mutu tun lokacin, don mai takardar bai sake duba CV ɗinsa ba tun da aka buga masa shi. Mutanen Maigatari da ƙauyukan bakin iyaka suna da tasu matsalar: wani lokaci waya kan kama sabis ɗin Nijar, ko sabis ya ɗauke gaba ɗaya, mai kira ya ji ba ta shiga alhali tana aljihunka. Ga wayar da ke wuni a shagon mai caji. Idan kana jiran sakamako, ka ba da lamba biyu na kamfanoni daban-daban, ka riƙa duba saƙon tes safe da yamma, kuma ka ɗauki kiran baƙuwar lamba da sallama da ladabi. Na sha kiran mutum don in ba shi aiki, ya amsa min da "Wane ne?" cikin tsawa.

Haka ma imel. Da yawa a shagon kwamfuta aka buɗe musu shi ranar da suka cike fom ɗin N-Power, wanda aka fara a 2016, ko na wani aikin gwamnati, yaron shago ya zaɓi kalmar sirri, su kuma ba su rubuta ba. Ƙungiyoyin agaji da manyan kamfanoni ta imel suke aika takardar tayin aiki, sau da yawa da wa'adin 'yan kwanaki na amsawa. Imel ɗin da ba ka iya buɗewa da kanka, kada ka sa shi a takarda.

To, yaushe za ka yi magana? Washegarin intabiyu, ko kafin kwana biyu su cika, saƙon godiya guda ɗaya ya isa, in an ba ka lamba ko imel na ofis. A Amurka wannan al'ada ce da kowa ya sani, a nan kuwa kaɗan ne ke yi, shi ya sa mai yi yake fita daban. Ba ya ƙara maki, kada wani ya yaudare ka, maki an riga an rubuta. Amfaninsa shi ne lambarka ta shiga wayar ofis tare da sunanka, an kuma ga kana iya rubutu mai tsabta. Daga nan sai jira. In an ce mako biyu, ka bari su cika, ka ƙara kwana biyu ko uku na aiki. In ba a faɗi lokaci ba, a wurin 'yan kasuwa da makarantu masu zaman kansu kwana goma ya wadatar.

Dalilin jinkirin ya kamata ka sani, don zuciyarka ta kwanta. Kwamiti ba ya ɗaukar aiki, shawara yake bayarwa. Mu haɗa maki, sakatare ya rubuta rahoto, rahoton ya tafi wajen mai ikon sa hannu, shi kuma ko yana Kano, ko ya tafi Umara, ko yana jiran ya ga kuɗin da zai shigo. Makaranta kan ɗauki malami ne dab da komawa hutu, musamman kafin zangon Satumba. Masu sayen amfanin gona da kaka suke ɗauka, cikin gaggawa, kamar yadda labarin da na fara da shi ya nuna. Ƙungiyoyin agaji sai sun tuntuɓi waɗanda ka ba da sunansu a matsayin shaidu, saboda haka ka sanar da su tun wuri. Aikin gwamnati kuwa tafiyarsa daban ce: bayan jarrabawa da ganawa akwai tantance takardu, akwai amincewar na sama, akwai batun kasafi, yana iya ɗaukar watanni. A shirye-shirye irin su J-Teach da J-Health da J-Agro, inda dubban mutane ke nema lokaci guda, kiran jami'i ɗaya ba ya motsa komai. Bibiyarka a nan ita ce duba allon sanarwa na sakatariyar ƙaramar hukuma ko ofishin ilimi, sauraron Rediyon Jigawa, da duba shafin da ka cike fom a kai. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuwa Dutse daga Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kada ka ci bashin kuɗin mota don ka je a ce maka "ba a fitar ba tukuna".

Idan lokacin ya yi, rubutu ya fi kira, don mai karɓa zai karanta sa'ad da ya sami sarari, ya duba fayil, ya ba ka amsa ta gaskiya. Ga irin saƙon da nake jin daɗin gani: "Assalamu alaikum. Sunana wane, ina cikin waɗanda aka yi wa intabiyun aikin malamin lissafi ranar Talata 5 ga wata. An ce za a ji sakamako cikin mako biyu, shi ne nake tuntuɓa ko akwai labari, ko akwai wata takarda da ake buƙata daga gare ni. Na gode." In da Turanci aka yi ganawar, ka rubuta da Turanci, ka ba wani ya duba maka kafin ka tura. Suna, aikin da ka nema, ranar da aka gana da kai, sai tambaya ɗaya. Saƙon da ya ce "Slm" kawai, ko "Yallaɓai ya ake ciki?", ba ni da yadda zan san daga wa ya fito cikin mutum arba'in. Filashin kuwa, da saƙon murya na minti biyar a WhatsApp, da kira bayan Isha'i ko ana shirin tafiya masallacin Juma'a, duk suna rage maka daraja. Tsakanin ƙarfe goma na safe da azahar, ranar aiki, shi ne lokacinsa. In wurin da ka nema yana da alaƙa da kasuwar Maigatari, ka bar ranar Alhamis, don ranar ba mai lokacin kansa.

In ba a amsa ba, ka ba da mako guda ka sake sau ɗaya. In an sake yin shiru, ka ɗauka an wuce wurin, ka ci gaba da nema. Wannan shirun laifinmu ne mu masu ɗaukar aiki, kuma ina faɗa wa abokan aikina haka a fili: mutumin da ya biya kuɗin mota ya zo, ya wuni a kan benci, yana da haƙƙin a aika masa layi biyu a ce bai samu ba.

Saura maganar da ta fi nauyi. Masarautar Gumel ƙananan hukumomi huɗu ce, kowa ya san kowa. Ɗan kwamitin da ya yi maka tambayoyi wataƙila malaminka ne a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko sahu ɗaya kuke sallah da mahaifinka. Shi ya sa da yawa ke ganin zuwa gidansa bayan Magariba ladabi ne. Daga wancan gefen teburin abin ba haka yake ba. Na taɓa fitowa da asuba na tarar da wanda muka yi wa intabiyu zaune a ƙofar gidana. Wani ya aiko min kaji biyu, na mayar. Wani kuma ya turo kawunsa, dattijon da nake jin kunya ƙwarai, ya ce, "Ɗana, ga ƙanenka nan, amana." Na ce, "Baba, in Allah Ya yarda za a yi adalci." Abin da dattijon bai sani ba, yaron yana cikin biyun farko da ƙoƙarinsa. Da labarin zuwan ya kai kunnen sauran 'yan kwamiti, dole na janye daga zaman ƙarshe, ya rasa muryar wanda ya fi kowa ganin cancantarsa. Ba na musun cewa akwai wuraren da hanya ke aiki, duk mun gani. Amma a inda ake duba maki, kamun ƙafa zargi yake jawo maka da wanda ka je wurinsa. Bambancin a bayyane yake: mai bibiya yana tambayar ina aka kwana, mai kamun ƙafa yana neman a sauya sakamako. Shaida kuma halal ce, in tsohon malaminka ko maigidanka ya rubuta abin da ya sani na halinka da aikinka, aka sa a fayil kowa ya gani.

A lokacin jiran nan ne kuma 'yan damfara ke farauta. Za a kira ka a ce sunanka ya fito, ka turo kuɗin fom ko na "fitar da ofa". Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ka takardar kama aiki, ka je ofishin da ƙafarka ka tambaya kafin ka tura ko naira ɗaya. Ƙannena mata, duk jami'in da ya ce ku same shi a wani wuri da ba ofis ba, ko bayan an tashi aiki, don "a yi maganar sakamako", kada ku je, ku ajiye saƙon, ku nuna wa na gida da shugaban wurin.

In aka ce ba ka samu ba, ka amsa da godiya, ka tambayi inda ka gaza cikin ladabi, ka roƙi a riƙe takardunka. Kusan kowane kwamiti yana ajiye na biyu da na uku, saboda na ɗaya kan ƙi zuwa, ko ya zo ya sami wani aikin ya tafi. Yaron nan na Sule Tankarkar haka ya yi kafin ya bar ofishina, ya kuma rubuta min sabuwar lamba tasa ta kansa. Da kaka ta zagayo muka buɗe wani wurin saye, shi na fara kira, bugu ɗaya ya ɗauka.

Don Allah, duk wanda ya karanta wannan kuma yana da ƙane ko ƙanwa ko ɗalibi mai jiran sakamakon intabiyu, ya karɓi takardar neman aikinsa yau ya kira lambar da ke kai, ya ga ko tana shiga da kuma wanda zai ɗauka.